Tsohon wasan barkwanci a gaban 'yan kallon yau: yaya kuka yi da naku?

Mai shirya wasan ɗalibai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta ɗauko wasan marowacin nan na Moliya, marubuci ɗan Faransa, wasan da aka fara nunawa a Faris a 1668. Lokacin da muke karanta shi a zaune kowa na ƙyalƙyatawa, amma da muka gayyato mutane kallon gwaji sai ɗaki ya yi tsit, wasu har da danna waya. Yaran sun ce mu zuba barkwancin da ake yayi a intanet, kowa ya sa kayan zamani. Raina bai kwanta ba. Waɗanda suka taɓa ɗora irin wannan wasa, don Allah me kuka gani?

Tsohon ɗan wasa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na taɓa fitowa a matsayin Harfagon, marowacin kansa. Kafin ka taɓa rubutun, duba ɗan wasanka. In yana gatsine yana murguɗa baki don a yi dariya, to shi ya kashe ta. Wurin da aka sace akwatin kuɗin da ya binne a lambu, mutumin nan ji yake an zare masa rai. Ya fito yana kururuwa, ya cafki hannun ɓarawo, sai ya duba ya ga nasa hannun ya riƙe. Ni nakan damƙe shi da gaske har yatsuna su bar shaida a fata, in tsaya ina kallonsa kamar numfashi biyu kafin in gane. A wannan gaɓar ɗaki ke fashewa.

Daga nan Moliya ya sa shi ya juyo kan 'yan kallo yana zarginsu da satar. A zamaninsa kyandir ke haska ɗakin duka, ɗan wasa na ganin fuskokin jama'a. Mu ma muka kunna fitilun ɗaki a daidai nan, na sauko daga dandamali ina leƙa ƙarƙashin kujeru. Wata dattijuwa ta rungume jakarta ta ƙi saki. Ko kalma ɗaya ba mu canza ba.

Malamar adabi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ina tare da almakashi. Da muka shirya Daren Sha Biyu na Shekspiya, duk zancen da sai an yi masa bayani kafin a gane mun yanke shi. Habaicin da mutanen Landan ke ganewa nan take shekara 400 da suka wuce, yau ɗaukar lokaci kawai yake. Abin da ke shiga ta ido kuwa bai tsufa ba. Malboliyo, babban baran gida mai tsuke fuska, ya shigo da dogayen safa rawaya yana yaƙe haƙora, yana zaton uwar ɗakinsa ta kamu da sonsa, yara da manya suka kece tare.

Inda na fi damuwa shi ne gaba kaɗan, da aka kulle shi a ɗaki mai duhu aka ce ya haukace. Mutanen yau ba sa yi wa wannan dariya, tausayinsa suke ji. Wasu 'yan wasa suka so a ƙara tsalle-tsalle don a rufe wurin, na hana. Waɗanda suka yi masa dariya ɗazu sun cancanci su ga inda tsokanar ta kai.

Mai kula da kayan dandamali:
Malam, kayan zamani ba laifi, amma ka kiyayi waya. Mun yi wasan tagwayen nan na Shekspiya, wanda ya aro daga Filotus, marubucin tsohuwar Rum, ya ƙara da tagwayen bayi suka zama huɗu. Darakta ya dage kowa ya riƙe waya. Ana cikin rikicin wane ne wane, wani saurayi daga baya ya ɗaga murya: "Ka kira shi mana!" Kuma da gaskiyarsa, kira ɗaya ya gama labarin. Washegari muka kwashe wayoyin. Abu na biyu, a sa wa ƙofofi mai. In wannan tagwai ya fita ta hagu, ɗayan ya shigo ta dama kafin ƙofar ta gama rufuwa.

Wani darakta:
Yayata malama, ina tare da ke kan yanka, sai dai kada mu kore shawarar yaran gaba ɗaya. Wasan baran da ke yi wa iyayen gida biyu hidima, na Goldoni ɗan Italiya, da farko an bar wa ɗan wasa gurabe ne ya cika da nasa, sai daga baya aka rubuta komai. Ni nakan ware wuri ɗaya ko biyu, galibi a bakin bawa ko wawan wasa, in ce nan ka taɓo abin da ake zance a makon nan. In aka watsa shi ko'ina, gishiri ya yi yawa a miya. Wani wasan kuma ba ya buƙata sam. Wasan sufeton gwamnatin nan na Gogol ɗan Rasha tun 1836 yake, amma da muka nuna jami'ai na layi suna cusa wa baƙo toshiyar baki don suna zaton shi ne mai bincike, ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

'Yar wasa:
Ƙarin abu ɗaya, Yaya. Koya musu jiran dariya. Sabon ɗan wasa yakan ci gaba da magana ana tsakiyar dariya, mutane su haɗiye ta don kada zance ya wuce su, daga nan ba za su sake sakin jiki ba. A shigo da magana ta gaba lokacin da dariyar ta fara sauka, kafin ta mutu. Mu mukan zaunar da mutum biyar ko shida a gwaji, aikinsu kawai su yi dariya a wuraren da ba a zata ba.