Wai me ake yi ne a ranar buɗe baje kolin hotuna?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a, don Allah ina da tambaya. Wata abokiyar aikina ce ta turo min katin gayyata, za a buɗe baje kolin hotunan kyamara a wata galari, wato ɗakin nuna hotuna, ranar Alhamis da yamma, ni kuma ban taɓa leƙa irin wurin ba, iyakacina in ga hoto a waya. Ana biyan kuɗin shiga ne? Dole sai mutum ya sayi wani abu? Abin da ya fi damuna ma kar in tsaya gaban hoto a ce me ka gani in rasa ta cewa.

Mai_Kyamara:
Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, galarin da ke sayar da hoto yawanci kyauta ake shiga, kuma ba mai tsare ka sai ka saya. In ka ga ɗan jan ɗigo a gefen hoto to an riga an saye shi. Lamba irin 3/10 kuma na nufin kwafi goma za a fitar a wannan girman, wannan ne na uku. Kar dai ka taɓa, maiƙon yatsa na ɓata takardar, kuma ka tambaya kafin ka ɗauka da waya.

Yar_Kallo:
Ni shawarata malam, ka je ranar buɗewar amma ka sani ba ranar kallo ba ce, cunkoso ne da gaishe-gaishe, kana son matsawa baya ka ga hoto da kyau sai ka taka ƙafar wani. Amfaninta ɗaya, galibi mai hoton yana wurin, ka tambaye shi yaya aka yi ya ɗauki wannan, za ka sha labari. Sai ka sake komawa tsakiyar mako da hantsi lokacin ba kowa.

Haka na yi da hotunan kitso na marigayi Okhai Ojeikere, wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, waɗanda ya fara ɗauka tun 1968 har suka kai kusan dubu. Na sha ganinsu a intanet, amma ranar da na tsaya gabansu a bango, baƙi da fari, an ɗauko macen ta ƙeya ba ka ko ganin fuskarta, ga tsagar kitson nan fes, ga zaren da aka naɗe gashin da shi kamar ka ƙirga, wallahi na fi minti goma a gaban guda ɗaya. Waya ba ta nuna wannan ko kaɗan.

Dattijo:
Ɗana, batun me za ka ce, faɗi abin da idonka ya gani kawai. Fara kallon hoton tukuna kafin ka karanta bayanin bango, in ba haka ba da idon wani za ka kalla. In abin ya shiga ranka ka bibiyi manyan bukukuwan baje kolin hoto, na Bamako tun 1994 ake yinsa, LagosPhoto da Addis Foto Fest kuma 2010 suka fara.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai Baba, na gode jama'a. Alhamis zan je in sha Allah, Talata in koma ni kaɗai.