Na bar kara a gona ban yi huɗa ba, yanzu masara ta yi rawaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum manoma, don Allah a taimaka min kaina ya ɗaure. Gonar gado ce a wajen Giwa, da mahaifinmu ya rasu aka yi rabo yayana ya ɗauki shanun huɗa ni aka ba ni gonar tudu, tun daga nan in zan yi huɗa sai na bi layi a wurinsa, sai ya gama da masu biyan kuɗi kafin ya waiwaye ni, bara har shuka ta kusa wucewa, mahaifiyarmu ta sa baki ma a banza. Shi ne na ce ba zan ƙara roƙon kowa ba. Da na cire masara ban tara karan ba ban ƙona ba, na kwantar da shi a gonar, na ƙaro karan shinkafa amalanke huɗu daga fadama na baza. Bana da ruwa ya zauna na fesa maganin ciyawa na yi shuka a tsakanin karan ba huɗa. Ta fito lafiya, amma yau sati uku ganyen ƙasa duk ya yi rawaya ta ƙi tashi, ta maƙwabcina kuwa kore shar. Ga gara ta cika wurin. In kwashe karan ne ko yaya?

Alhajin Funtua: Wa alaikumus salam. Yaro kwashe shi yau ba gobe ba, ka nemi shanu a yi maka banƙasa. Shekara 30 ina noma, ban taɓa ganin wanda ya ci riba da gona mai datti ba. Tsutsar da ke huda kara a cikin busasshen karan take kwana duk rani, kai kuma ka shimfiɗa mata tabarma.

Malamar gona: Alhaji maganar tsutsa gaskiya ne, amma rawayar nan ba ita ba ce. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa su ke ruɓar da kara, kuma kara busasshe ba shi da sinadarin naitirojin sosai, to sai su ja wanda ke cikin ƙasa su yi aikinsu da shi, masara ta zauna da yunwa. Shi ya sa tsohon ganye ke fara rawaya daga baki ta bi tsakiya. Ba ɓata ya yi ba, in karan ya ruɓe zai dawo, sai dai masarar ba za ta jira ba. Ɗan'uwa wane taki ka sa, buhu nawa?

Mai tambaya: Na sa abin da ya samu. Ni dai na san taki ba shi ne matsalar ba don bara ma haka na sa.

Malamar gona: Ai bara babu mai raba ta da shi. Ka samu yuriya, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, ka buɗa karan ka tona ɗan rami gefen shuka ka binne. In ka watsa a kan kara kaso mai yawa iska za ka ba.

Baban Ummi: Yuriya a wannan tsadar? Ni bara na sayi buhu biyu a kasuwa, da na buɗe na ƙasan kamar an haɗa da gishiri, na koma mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Har yau ban huce ba wallahi.

Ɗan Tawa: Garar nan kar ka kashe ta. Mu nan Nijar da gangan muke zuba kara da taki a ramin tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, don ta zo, ita ke huda ƙasar da ta yi tauri ruwa ya shige. Abin da manomin nan Yakuba Sawadogo ya yi a Burkina Faso kenan da irin ramukan nan, da suke kira zai a can, har fako ya koma daji. Ka ɗaga karan da hantsi ka sa hannu, za ka ji sanyi da laima, ka je gonar maƙwabcinka ka taɓa ka ji bambanci.

Alhajin Funtua: Ku can gero kuke yi a yashi, ruwan ma sai an roƙa. Giwa ƙasa ce mai nauyi ruwa na kwanciya, in ba a yi huɗa an tada kunya ba masara za ta jiƙe ta ruɓe. Kuma gara in ta gama da busasshe kan ɗanye take komawa ta kayar da shi. Ku bar ruɗa yaro.

Mai tambaya: Alhaji tudu ce fa ruwa ba ya kwanciya. Kuma na ɗaga karan ɗazu kamar yadda aka ce, akwai wani fari-fari kamar zare a jiki har da tana biyu, ban taɓa ganin tana a gonar nan ba. Ni ba zan koma wurin yayana neman shanu ba gaskiya.

Baban Ummi: Ni abin da ya ba ni mamaki yadda karan ya kai damina. Mu nan kafin ka kai amfani gida shanu sun shiga, abin da suka bari mata su kwashe na girki, yara masu farautar ɓera su cinna wa sauran wuta. Na taɓa gwadawa, watan Janairu ko tsinke babu.

Malamar gona: Farin zaren nan shi ne mai ruɓar da karan, alama ce mai kyau. Amma shekarar farko da ta biyu sai an ƙara taki, kuma baɗi ka sa waken soya a wurin kar ka maimaita masara. Har yanzu dai ba ka faɗi buhu nawa ka sa ba.

Alhajin Funtua: Alama mai kyau ba ta cika rumbu. Mu haɗu watan Oktoba.

Mai tambaya: Waken soya ba ya ciyar da gida malama. To in na kwashe rabi na bar rabi fa? Kuma yuriyar rabin buhu zai isa, don shi nake da halin saya.

Baban Ummi: In za ka saya dai ka sa a buɗe maka buhun a gabanka.