Fitilu shida, makunni uku: a ina zan sa dima mai rage haske da kanta?

Mai_Gini:
Salamu alaikum. Fitilun korido guda shida ne, LED mai wat 7 kowanne, ana kunna su daga wuri uku: tu-we (makunni mai hanya biyu) a kowane ƙarshe, intamidiyet (makunnin da ke shiga tsakanin tu-we biyu) a tsakiya. Ina so haske ya riƙa raguwa da kansa daga ƙarfe 10 na dare, kuma makunnan su ci gaba da aiki. Dima uku zan saya?

InjiniyaWaya:
Wa alaikumus salam. A'a Malam, ɗaya tak. Dima biyu a layi guda, kowace sai ta yanka wutar da ɗayar ta riga ta yanka, fitila ta dinga ƙyaftawa.

Abin da ya fi sauƙi, ka cire makunnan uku, ka sa irin na ƙararrawa, wanda kan dawo idan an sake shi. Tsakanin makunnan akwai wayoyi biyu, L1 da L2. Ɗaya ka mayar da ita layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, na dindindin, ka haɗe ta da layif ɗin da ke shiga mahaɗin da aka rubuta wa COM a makunnin farko, ta wuce har akwatin ƙarshe. Ɗayar ta zama ta sigina. Kowane makunni ya zauna tsakanin wayoyin nan biyu. A akwatin ƙarshe, inda waya ke fita zuwa fitila, nan ƙaramar dimar, irin mai haɗuwa da wayar hannu, za ta shiga: layif a L, sigina a SW, wayar fitila a mafita. Ka danna ka saki, ta kunna ko ta kashe; ka danne ka riƙe, haske ya hau ko ya sauka. Lokacin raguwa kuma a manhajar wayar hannu ake saita shi.

Ka kashe bireka, ka gwada da mitar auna wuta kafin ka taɓa. Testa mai ɗan kwai tana yaudara.

Mai_Gini:
Na gode Injiniya. Na buɗe akwatin ƙarshe, babu nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta.

OgaLantarki:
Haka aka saba, nutural yana sama wajen fitila. Ko ka jawo shi daga can, ko ka sayi dima marar buƙatarsa. Irin wannan ta cikin kwan fitila take satar 'yar wutar da take rayuwa da ita, shi ya sa take da mafi ƙarancin lodi, wato wat ɗin da dole fitilun su kai, ka duba takardarta. Naka wat 42 ne, da wuya ya gaza. In ka ga kwan yana ɗan haske bayan an kashe, sai a ɗaura baifas, wata 'yar na'urar da ke kauce wa kwan da wannan wutar, a fitilar, tsakanin layif da nutural.

Kada ka ari nutural daga layin soket. RCD, birekar da ke yanke wuta idan ta zurare, zai iya dinga faɗuwa, kuma haɗari ne ga wanda zai yi gyara nan gaba.

Hajiya_Sola:
Ku duba kwan ma. In ba a rubuta a kwalin cewa yana karɓar dima ba, canza shi, duka shidan su zama iri ɗaya. LED ya fi jituwa da dima mai yanka wuta daga baya. Mai yanka daga gaba na tsofaffin kwayaye ne, ita ce ke sa ƙugi. Bayan haɗawa ka bar ta ta yi gwajin lodi, sannan ka tsayar da mafi ƙarancin haske inda kwan bai fara rawa ba, galibi kashi 10 zuwa 20. Akwati mai zurfin milimita 25 ba zai ɗauke ta ba, nemi 35 ko 47.