Gilashin Leventis da Kayan Sallah

Baban Unguwar Shanu:
Salamu alaikum. Azumi ya kai ashirin, na bi ta Ahmadu Bello Way da la'asar, zuciya ta motsa. Ga nawa, mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "na".

Da sunan Allah nake farawa,
Abin da ke raina nake buɗewa,
Titin Sardauna nake tunawa,
Goman ƙarshe a cikin Kaduna.

Daga shataletalen Leventis mu miƙe,
Hannun mahaifi ni da ƙanena mun riƙe,
Gilashi fes, da kaya a cike,
Fitilu sun mai da dare rana.

Mutum-mutumi tsaye da rigar yara,
Jan takalmin Bata a gefe an jera,
In manna goshi, hucina ya tara
Raɓa a gilashi, in share da hannuna.

Kingsway kuwa sanyi ke tarbarka,
Ƙamshin sabon kaya ya bi hancinka,
Ko sisi babu cikin aljihunka,
Kallo kyauta ne, ba mai hana.

Hajiyar Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka tsokano ni.

Yaya ka faɗa, amma rabi,
Mu dai a kanti ido ne ya bi,
Mu tsaya mu mai da gilashi madubi,
Saye kuwa sai kasuwa, ɗan'uwana.

Inna ta ƙulle kuɗin adashi
A bakin zane, ba ta son bashi,
Mai atamfa ya ce albarka, ta tashi,
Ya ce, "Dawo, na sallama, zo ki zauna."

Turmi guda, ni da ƙanwata,
Ɗan kunne, awarwaro da sarƙata,
Babbar kasuwa muke ce mata,
Ba ta ɗau sunan Malam Gumi ba tukuna.

Sai zaman shagon tela daren Sallah,
Lalle a ƙafa, ido duk ƙwalla,
Yana ta "saura hannu ɗaya, wallah",
Keke na ta kuka, nan muka kwana.

Tsohon Masaƙin Kakuri:
Kun yi ta zancen kanti da kasuwa, ba wanda ya tambayi inda kuɗin ke fitowa. Ni abin da ke ci mini rai ke nan.

Hajiya, zanen nan da kika ɗaura,
A Kakuri muka saƙa muka gyara,
A 1957 masaƙar KTL ta fara,
UNTL ta biyo, ga masaƙar Arewa, duk a Kaduna.

Audugar Funtuwa a kawo ta,
Dare da rana inji na juya ta,
Ƙarshen wata albashi ya fita,
Shi ke raya titin da kuke magana.

A 1986 SAP, tsarin tsuke bakin aljihu, ta sauka,
Naira ta faɗi, farashi ya yi hauka,
Kayan waje suka gagari talaka,
Manyan kantuna suka rufe a idona.

Wuta ta yi ƙaranci, fasa-ƙwauri ya yi yawa,
Yadin waje mai araha ya cika kasuwa,
A 2002 KTL ta daina juyawa,
Ciyawa ta cinye hanyar da nake bi da kekena.

'Yar Kawo:
Kawu, Allah Ya saka muku. Ni ban riski ko ɗaya ba.

Mu a waya muke zaɓen leshi,
Hoto ya yi kyau, kai ka biya shi,
Ɗan acaɓa ya kawo, ka kwance shi,
Launin daban da wanda aka nuna.

Ɗan Sabon Tasha:
Baba, gaisuwa da ban girma. Titin nan namu ne mu ma.

Mu kuwa a Disamba muke zuwa,
Hazo ya sauka, leɓe na tsagewa,
Bishiyar Kirsimeti tana haskawa,
Jan takalmin nan ni ma shi ne burina.

Mu kai muku shinkafa ran Kirsimeti,
Ku aiko da naman layya a faranti,
Tun rikicin 2000 muka haye gada da akwati,
Kogi ya shiga tsakanina da maƙwabtana.

Baban Unguwar Shanu:
Ɗana, baitinka na ƙarshe ya taɓa ni ƙwarai. Wace unguwa kuka zauna kafin ku tashi? Wataƙila na san mahaifinka.

Ran Sallah in an sauko idi,
Ka hayo gadar nan, kar ka ce akwai faɗi,
Tuwo da miyar taushe, ga cincin mai daɗi,
Ka zo da yaranka su ga jikokina.