Neman kalmar Hausa: rawar sandar janareta kusa da layin HVDC, babban layin wuta mai ƙarfin gaske da ke gudu ta fuska ɗaya (DC)

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar shirin kimiyya na rediyo, kuma "subsynchronous torsional oscillation" ta tsaya mini. Batun layin HVDC na Square Butte ne a Dakota ta Arewa, Amurka, inda gwajin 1977 ya nuna na'urar juya wuta zuwa DC tana tayar wa janaretan tashar Milton Young rawa. Na sa "girgiza". Ya yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Girgiza ba ta ɗauko shi ba. Injin ba ya motsawa daga mazauninsa. Doguwar sandar ƙarfen da ta haɗa tabain (farfelar da tururi ke juyawa) da janareta ce take murɗewa tana warwarewa alhali tana juyi. A can sau 11.5 take yi a daƙiƙa, wutar Amurka kuwa 60 take bugawa, shi ya sa aka ce tana ƙasa da bugun wuta.

Malamin Hausa: Jijjiga ko karkarwa.

Injiniya: Karkarwa ta mai zazzaɓi ce, Malam. Abin ya fi kusa da lilo. Idan sandar ta ɗan murɗe, gudun janareta ya sauya, wutar ta sauya, sai na'urar da ke daidaita wutar layin ta mayar da martani. In martanin ya faɗo daidai lokacin, kamar mai tura yaro a lilo, kowane turi ƙara shi yake. Ƙarfe ya gaji, wata rana ya tsage. A Square Butte gyara tsarin na'urar aka yi ta koma rage lilon. Tashoshin tururi abin ya fi kamawa, na ruwa irin Kainji ba kasafai ba.

Ɗan Zazzau: To ga ta: MURƊILO. Murɗa da lilo. Gajeriya, mai daɗin faɗa a rediyo.

Malamin Hausa: Hausa ba ta yanke kalmomi ta liƙa haka. Muna da faɗi-tashi, muna da kai-komo. In za a haɗa, a ce murɗe-warware.

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe, kowace kalma wani ne ya fara faɗinta. Murɗilo za ta zauna, ku bar ta ta sha iska.

Malamin Hausa: Ni ma "janareta" da "tabain" ɗin nan damuna suke. Sai mu cika jimla da aro mu ce mun fassara? Injin samar da wuta fa?

Bamaradiya: Malam, mu nan kuran muke ce wa wuta a kasuwa, ba wanda ya ce Hausarmu ta ɓaci. Kullum sai abin da Kano ta yarda da shi ne Hausa?

Malamin Hausa: Ban ambaci Kano ba, 'yar'uwa. Daidaitacciyar Hausa na ce.

Bamaradiya: Ai duk ɗaya ne.

Ɗan Zazzau: Murɗilo dai ba ta Kano ba ce, ba ta Maraɗi ba.

Injiniya: Hajiya, ki kula da abu guda. In rubutun ya kawo tashar Mohave ta Nevada, wadda sandarta ta lalace a 1970 da 1971, wannan ba DC ba ne. Kafasitoci (na'urorin riƙe cajin wuta) da aka jera a layin AC, wato wuta mai kai-komo irin ta gida, su ne suka jawo. Kada kalma ɗaya ta sa mai sauraro ya ɗauka sanadin ɗaya ne.

Mai Fassara: Ya kawo ta kuwa, na gode. Ga abin da zan rubuta: "lilon murɗawar sandar janareta, mai bugu ƙasa da na wutar lantarki". Daga baya in riƙa cewa "lilon murɗawa" kawai.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, kuma janareta na nan. Amma ya fi murɗilo. A tafi da shi na gobe, mu sake zama a kan tabain.

Ɗan Zazzau: Ni a ajina murɗilo zan ci gaba da koyarwa.