Hayaƙin motoci a Kaduna, ku ya kuke fama?

Mai shago a Kasuwa: Salam jama'a, dan Allah ni kaɗai ce ko kuma kowa? Shagona na bakin Ahmadu Bello Way, in holdof ya haɗu da yamma keke da bas duk suna tsaye inji na aiki, wallahi kafin magariba kaina ya fara sarawa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, in na goge kantar shagon ƙyallen baƙi ƙirin yake fitowa.

Ɗan keke, Tudun Wada: Hajiya ai ke kina da ƙofa ma. Mu fa a bayan tirela muke wuni a Bypass, salansarta daidai fuskarka, in direba ya taka sai ka daina ganin gabanka, da daddare in na fyace majina baƙa ce. Lokacin hunturu ya fi muni, hazo da ƙura su haɗu da hayaƙin ya ƙi tashi sama musamman da asuba. Yanzu takunkumi nake sawa, fasinja na min dariya ina ruwana.

Maman yara, Kawo: Ɗana na da asma, duk ranar da muka daɗe a bakin gadar Kawo muna jiran mota sai ya kwana yana numfashi da ƙyar. Likita ya ce akwai ƙananan ɓurɓushi a hayaƙin dizal da ido baya gani, har cikin huhu suke shiga, kuma yaro ya fi shaƙa tunda gajere ne kusa da salansa yake. Tun lokacin nesa da titi muke tsayawa sai mota ta zo.

Bakanike, Kakuri: Bari in faɗa muku abin da nake gani a gareji. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi inji ne ke shan baƙin mai, ringin fistan da ke hana baƙin mai shiga inda mai ke ƙonewa ya mutu. Baƙin kuma mai ne baya ƙonewa daidai, nozul mai fesa mai ko filtar iska ta toshe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka daina sabis kan lokaci, kuɗin duk ya tafi gidan mai, sai mota ta tsaya cak ake kawo ta, alhali filtar nan in ka canza ta shan man ma zai ragu.

Ɗan keke, Tudun Wada: Gaskiya ne oga, amma balas ɗin da muke kai wa mai keke kullum fa? Mai keken baya jin zancen sabis.

Ɗalibi, Barnawa: Na shiga bas ɗin CNG, mai aiki da iskar gas, na gwamnatin jiha, ba wannan warin ko kaɗan, sai dai layi da safe Allah ya kawo sauƙi. Anti mai shago ki gwada rufe ƙofar gilas daga la'asar, fanka a ciki.

Mai shago a Kasuwa: In na rufe kwastoma wucewa suke ƙanena.