Don Allah a taimaka, app ɗina ya ƙi ganin databes na shaguna

Ɗan Tudun Wada: Salam jama'a, masana a agaza min. Wani Alhaji na yi wa app da Laravel (kayan aikin gina app), yana da shagon kayan masarufi 2, ɗaya a Kawo ɗaya a Kasuwar Barci, kowanne da kwamfutarsa da MySQL (manhajar databes, wato ma'ajiyar bayanai) a ciki saboda ko netwok ya ɗauke a ci gaba da ciniki, sai databes na uku da ke kan saba (kwamfutar da app ɗin ke zaune a kai a intanet). Shi so yake yana kishingiɗe a gida ya buɗe waya ya ga cinikin duka. Na shiga config/database.php na ƙara haɗi 2, na zuba IP (adireshin kwamfuta) da faswod a fayil ɗin .env, na kan saba lafiya lau amma da na kira na Kawo sai shafin ya yi ta juyawa can ya watso min eror 2002 wai lokaci ya ƙare. Yau kwana 3, Alhaji har ya fara kirana bayan sallar asuba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Duba bind-address a saitin MySQL, in 127.0.0.1 ne to MySQL ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake kai, sannan ka duba fot 3306, ƙofar da ake shiga MySQL ta ita. Amma tsaya tukuna, wane IP ka sa?

Ɗan Tudun Wada: Wanda na gani a kwamfutar shagon, yana farawa da 192.168

Injiniya: Kai malam, ai wannan adireshin cikin gida ne, kamar ka ce wa ɗan acaba ya kai ka ɗaki na biyu ba ka faɗi unguwa ba. Kuma in rautar shagon (na'urar raba intanet) mai sim ce, ko IP na waje ka samo ba naka ba ne kai kaɗai, da jama'a da yawa kuke rabawa kuma yana canzawa, buɗe fot ba zai fisshe ka ba. Ni shawarata ka juya abin, kar saba ta je nema, shagunan su riƙa turo mata. Duk minti 5 kwamfutar shago ta kwashi cinikin da ba a tura ba ta aika ta API (hanyar da manhajoji ke aika wa juna bayanai), in saba ta amsa sai a yi masa alama. Ka tuna fa in an rufe shago ko an ɗauke wuta kwamfutar a kashe take, lokacin kuma Alhaji ke son dubawa.

Maman Biyu: Ƙanina ka kula da lambar rasit, ni ta taɓa cizona. Kawo na da rasit 501, Kasuwar Barci ma na da 501, suka haɗu a saba ɗaya ya danne ɗaya, sai da muka kwana muna bin takardu. Ka yi amfani da UUID (doguwar lamba da ba ta maimaituwa) ko ka haɗa lambar da ta shago. In kuma dole sai ka shiga kai tsaye to sa Tailscale ko WireGuard (suna haɗa kwamfutoci ta hanyar sirri), kar ka kuskura ka bar 3306 a buɗe wa duniya.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri Anti. To farashi fa? In ya ƙara kuɗin buhun sukari a waya?

Maman Biyu: Farashi a saba kaɗai za a canza, shaguna su sauke. Ka toshe wa yaran shago wurin gyarawa, ciniki ne kawai nasu.

Ɗan Tudun Wada: Na gane. Gobe in sha Allahu zan fara da na Kawo, bari in kashe wayata kafin asuba.